Kaka Guda Bayan Haɗe Ƙungiyar Ƙwallon Ɗana da Wata a Sakkwato

Ɗana na biyu yana da shekara 14, kuma tun yana ɗan shekara 10 yake buga ƙwallo a wata ƙaramar ƙungiyar yara ta unguwarmu a Mabera. Bara, jim kaɗan bayan ƙaramar Sallah, aka tara mu iyaye aka sanar da mu cewa ƙungiyar ta haɗe da wata da ta fi ta girma da kuɗi a ɓangaren Arkilla, irin abin da 'yan siyasa ke kira maja. Ba a nemi shawararmu ba, an dai shaida mana cewa an gama magana, aka kuma kafa mana hujja da cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yanzu da yaron ya cika kakar wasa guda a sabuwar ƙungiyar, ina ganin na ga abin da ya isa in faɗi ra'ayina.

Horon da ake bayarwa ya fi na da inganci, wannan ba abin musu ba ne. A tsohuwar ƙungiyar ƙwallo uku ce tak, ɗaya ma a kullum tana wurin mai faci, kuma ɗan shekara 11 da ɗan shekara 17 a fili ɗaya suke gwabzawa. Yanzu an raba yara rukuni-rukuni bisa shekaru, akwai koci na musamman ga masu tsaron raga, akwai akwatin magani a bakin fili, ana kuma neman takardar haihuwa kafin a yi wa yaro rajista. Wannan na ƙarshen ya burge ni, domin tun 2009 hukumar FIFA ke amfani da hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance shekarun 'yan ƙasa da 17, kuma an sha sallamar yara daga sansanin Najeriya saboda wannan gwaji. Gara yaro ya saba da gaskiyar shekarunsa tun daga gida. Ranar da suka buga wasan sada zumunci a filin wasa na Giginya kuwa, ɗana bai iya cin tuwon dare ba saboda murna.

To amma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Yaran da ɗana ke atisaye da su, waɗanda a da ba su wuce 20 ba, sun koma sama da 40, alhali mutum 11 ne ke shiga fili ko ƙungiya ta kai girman gari. Yaron da yake buga wasa daga farko har ƙarshe a matsayin ɗan tsakiya ya koma zaman benci, wani lokaci a sa shi saura minti goma a tashi, wani lokaci ya dawo gida jesinsa ko gumi bai taɓa ba. Na lura kuma yawancin waɗanda ake fara wasa da su 'yan ɗaya ƙungiyar ne, tunda kocinsu ne ya zama babba, namu kuma, mutumin da ya yi shekaru yana tara yaran nan ba tare da ana biyansa ko sisi ba, an mayar da shi mataimaki a rukunin ƙanana. Da na yi wa babban kocin magana, cikin ladabi ya amsa mini: “Alhaji, ka yi haƙuri, gasa muke shiga yanzu, wanda ya fi shiri shi za mu sa.” Ban ga laifinsa ba a matsayinsa na mai neman kofi, sai dai kuɗin wata da nake biya daidai yake da na uban yaron da ba a taɓa cire shi daga fili ba, kuma kuɗin ya ninka na da.

Nisa shi ma ya zama nauyi. A da, da ƙafa yaron yake zuwa atisaye, yanzu sai an hau Keke Napep ko kabu-kabu zuwa da dawowa, kuma kowa ya san yadda kuɗin abin hawa ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Yara uku daga layinmu sun daina zuwa saboda wannan kaɗai, ɗaya daga cikinsu kuwa, a ganina, ya fi ɗana iya taka leda nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi tayar da hankalin mahaifiyarsa shi ne lokacin atisaye. Tsohon kocinmu ɗan unguwa ne, ya san Alhamis da Juma'a ba a zuwa Islamiyya, saboda haka a ranakun nan yake tara yara bayan La'asar, sai kuma Lahadi da sassafe. Sabon tsarin ya ƙara Litinin da Talata da yamma, daidai lokacin da yaron ya kamata ya kasance gaban malaminsa yana biya hadda. Da muka koka, sai aka matsar da atisayen zuwa ƙarfe uku na rana don a tashi da wuri, wanda duk mai zama Sakkwato ya san abin da hakan ke nufi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40. Sai da wani yaro ya yanke jiki ya faɗi aka koma tsarin yamma, mu kuma muka zaɓi yaron ya riƙa rasa atisayen Litinin da Talata, abin da ya ƙara nisanta shi da shiga fili.

Akwai kuma batun takarda, wanda nake jan hankalin kowane uba a kansa. An ba mu fom mai shafi huɗu da Turanci, aka ce mu sa hannu a dawo da shi washegari. Da na zauna na karanta, sai na ga sakin layin da ya ba ƙungiyar ikon yin magana da kowane kulob ko dillalin 'yan wasa a madadin yaron. Dalilin bai ɓuya ba. A dokar FIFA, idan ɗan wasa ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru, ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 21 suna da haƙƙin diyyar horo, sannan idan aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa waɗanda suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Ƙungiyar da sunanta ke rubuce a rajistar yaron ita ke cin wannan moriya, don haka tara yara da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya jari ne. Ba na ganin hakan haramun ne, amma ya kamata a faɗa wa iyaye a fili. Wannan dokar dai ta hana kai yaro wata ƙasa kafin ya cika shekara 18 sai a 'yan wasu yanayi ƙalilan, saboda haka duk wanda ya ce zai fitar da ɗanka mai shekara 15 zuwa Turai idan ka kawo kuɗin biza, ka riƙe aljihunka. Na ƙi sa hannu sai da aka soke wannan sakin layi, kuma a gaskiya ba su yi mini gardama ba.

A wurin taron iyaye ana yawan ambaton Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato da ya buga wa Kano Pillars, ya ci tagulla da Najeriya a gasar Olamfik ta 2016, ya kuma je gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Ana tuna mana cewa Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 har sau biyar, daga 1985 zuwa 2015. Duk gaskiya ne, kuma ga yaron da Allah ya ba irin wannan baiwa, wanda gidansu ke iya ɗaukar kuɗin wata da na mota, sabuwar ƙungiyar ta fi tsohuwar amfani, zan ma ba ubansa shawarar ya kai shi. Ɗana ba ya cikin waɗannan, ni ma na sani, shi ma ya fara ganewa. Yaro ne mai son ƙwallo wanda nake so ya motsa jiki, ya koyi biyayya, ya nisanci zaman banza a bakin titi.

Mu iyaye tara mun rubuta wa shugabannin ƙungiyar takarda muna neman a kafa tawaga ta biyu a kowane rukuni mai nata wasannin, a mayar da atisayen kwana biyu filinmu na Mabera a hannun tsohon kocinmu, a kuma sa iyaye biyu cikin kwamiti. Sun amsa cewa za a zauna bayan babbar Sallah. Na biya kuɗin wata uku kawai, na kuma gaya wa yaron ya adana tsohuwar jesinsa.