Kafin makarantarku ta kashe kuɗi a kan ƙirƙirarriyar basira

A unguwannin Agege, Idi-Araba da Mile 12 da ke Legas, yara sun riga malamansu shiga harkar ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajojin da ake yi wa tambaya su rubuto amsa. Tun Afrilun 2024 Meta AI ya shigo cikin WhatsApp a Najeriya, saboda haka duk ɗalibin da ya ari wayar mahaifiyarsa da dare ya samu mai yi masa aikin gida. Hani ba zai yi aiki ba. Abin da ya rage wa masu makarantu, na boko da na Islamiyya, shi ne su zaɓi hanyar koya wa yara amfani da ita bisa tarbiyya.

Mafi arha ita ce a bar kowa da wayarsa. Makaranta ba ta kashe ko sisi, amma ni ban goyi bayanta ba. Malami ba ya ganin abin da yaro ya tambaya, sai dai ya ga rubutu tsaf da Turancin da ya fi ƙarfin ɗan aji biyu. Ga kuma 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da babu babbar waya a gidansu, an bar su a baya ke nan.

Wadda na fi natsuwa da ita ita ce a sayi kwamfutoci kaɗan, a zaunar da yara biyu-biyu, malami yana zagayawa a kansu. ChatGPT da Gemini na kyauta sun wadatar, kuma tun 2025 kowannensu yana da tsarin karatu wanda yake jan ɗalibi da tambayoyi mataki-mataki maimakon ya miƙa masa amsa. An gwada irin wannan a Jihar Edo a 2024 da tallafin Bankin Duniya: makonni 6 ana darasin Turanci bayan tashi da Microsoft Copilot, malamai suna jagoranta, kuma waɗanda suka shiga sun fi takwarorinsu ƙoƙari a gwajin ƙarshe. A lura, malamai ne suka riƙe ragamar. Kuɗin wannan hanya yana tafiya ne a wuta da data, musamman tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin sadarwa a Janairun 2025. Idan tokumbo za ku saya a Computer Village da ke Ikeja, ku sa mai shago ya zare caja, ku zauna ku ga yadda batiri yake sauka kafin ku biya.

Rijistar kuɗi ta wata-wata a waɗannan manhajoji tana da tsada. In dole ne, a yi wa malami ɗaya ko biyu masu shirya darasi. Manhajar da ake tallatawa wai tana kama rubutun na'ura kuwa, ku riƙe kuɗinku. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskure, kuma zaluntar yaron da ya yi aikinsa da guminsa ba ƙaramin abu ba ne.

Batun shekaru ma yana tace zaɓin. ChatGPT sai ɗan shekara 13, da izinin iyaye in bai kai 18 ba, takwaransa Claude kuwa sai 18. UNESCO ta ba da shawarar shekara 13 a jagorar da ta fitar a 2023, don haka 'yan firamare su tsaya a kallon malami yana gwadawa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Kada a zuba sunaye, hotuna ko sakamakon jarrabawa a cikin waɗannan manhajoji.

Kowacce kuka zaɓa, ku jarraba ta a gaban ɗalibai. Malam ya nemi hadisi da wanda ya rawaito shi, sannan ya buɗe littafi a gwada. Na'urar takan ƙirƙiro abin da babu ta faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa, kuma Hausarta ba ta kai Turancinta ba. Ranar da yaro ya kama ta da kuskure da idonsa, zai daina haɗiye duk abin da ta ba shi.

A ware wani kaso na kasafin don horar da malamai. A kuma kafa ƙa'ida: wanda ya nemi taimakon na'ura ya faɗa, sannan ya tashi gaban allo ya yi bayanin aikinsa da bakinsa, tunda WAEC da JAMB ba sa barin waya a ɗakin jarrabawa.