Tsofaffin gidajen sarauta a karkarar Ingila: wanne ya dace da bikinka ko taronka?

'Yan uwanmu mazauna Ingila sun fara sha'awar kai shagalin biki tsofaffin gidajen sarakai da attajirai da ke karkara, masu makeken lambu da dogayen tagogi. A hoto duk suna da kyau. Sai ka zo maganar abinci da yawan jama'a za ka gane ba ɗaya suke ba.

Akwai manyan fadoji da 'yan yawon buɗe ido ke shiga kullum. Babban misali shi ne Blenheim a lardin Oxford, wadda aka fara ginawa a 1705, kuma a cikinta aka haifi tsohon Firaministan Birtaniya Winston Churchill a 1874. Shugabannin Turai ma sun yi taro a can a Yulin 2024. Haka Leeds Castle, wanda ke lardin Kent, ba a birnin Leeds ba, don haka a gargaɗi masu tuƙi tun da wuri. Irin waɗannan wuraren suna da kwarjini, amma wani sashe ne kawai za a ba ka, kuma da rana akwai baƙin ido suna kai-kawo. Idan danginka masu son sirri ne, musamman ɓangaren mata, wannan abin dubawa ne.

Sai waɗanda aka mayar otal, kamar Cliveden a bakin kogin Thames, ginin 1851. Amfaninsa kwana: iyaye da tsofaffi su gama biki su hau sama su kwanta. Sai dai lambun yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, jama'a na shiga da rana, kuma a otal galibi kicin ɗin gidan ne ke dafa komai.

A nan ne nake so a tsaya a yi tunani sosai. Na taɓa halartar walima a wani gida irin wannan, inda uwar amarya ta kwana tana soya nama da cincin, ta iso da kuloli cike da bayan mota, manajan ya ce dokar gidan ba ta yarda a shigo da abincin waje ba. Ina kallonta tana tsaye a kan tsakuwar ƙofar shiga, riƙe da murfin kula, ta rasa abin cewa. Ba mugunta aka yi mata ba, abin yana rubuce a yarjejeniyar da ba wanda ya karanta. Shi ya sa, a ganina, wanda ya fi dacewa da bikinmu shi ne gidan da ake ba ka haya dungurungum, ba kowa sai mutanenka, irin Hedsor House da ke maƙwabtaka da Cliveden. Ko a irinsa, yi tambaya a rubuce: za a bar mai girkinka ya shigo, ko dole ka zaɓa daga jerin nasu? Akwai mai naman halal a jerin? Nawa ake cajin amfani da kicin? Idan ba za a sha giya ba, faɗa tun farko, domin wasu wuraren sun riga sun cusa kuɗinta cikin farashin kowane kai.

Ɗakunan waɗannan gidaje an gina su ne don iyali ɗaya da baƙinsu, kuma adadin da aka ƙayyade ba a ƙara ko mutum ɗaya a kai saboda dokar gobara. Mu kuwa gayyar mutum ɗari kan zama ɗari biyu. In jama'arka na da yawa, nemi inda ake yarda a kafa babbar rumfa a fili, ka kuma ji ƙarfe nawa ake kashe kiɗa.

Game da ɗaurin aure, tun dokar 1994 ake iya yin auren rajista a irin waɗannan gidaje idan suna da lasisi, amma ba a sa komai na addini a cikinsa. Ɗaurin aure na Musulunci ko addu'ar coci sai a ware masa lokacinsa daban. Sanarwa a ofishin rajista kuma aƙalla kwana 29 kafin ranar.

Mai shirya taron ƙungiya ko bita bukatarsa daban ce. Wiston House a Sussex, mazaunin cibiyar tarurrukan tattaunawa ta Wilton Park tun 1951, da Cumberland Lodge a dajin Windsor sun saba da taron kwana biyu ko uku, da ɗakunan tattaunawa da na kwana a wuri guda. Tsakiyar mako da lokacin sanyi sun fi sauƙin kuɗi.

Kafin ka biya kafin alƙalami, je da ƙafarka. Duba ko farashin ya haɗa da harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari, ka nemi ɗakin salla da wurin alwala, ka ƙirga matakalar da kaka za ta hau. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, don haka mai son hoton lambu ya sa a ɗauka da an idar da azahar.