Hattara da jabun fitilun ado da ake sayarwa da sunan LED

Da zarar Maulidi ko Sallah ko Kirsimeti sun gabato, sai tallan fitilun ado masu jeri a waya ya cika Facebook da WhatsApp: wai LED ne, ruwa ba ya yi masa komai, zai yi awa 50,000. A turo kuɗi kafin a aiko. Masu shago da masu ƙawata wajen biki, ku yi hattara, da yawa daga cikin kayan nan jabu ne, wasu ma suna iya jawo gobara.

Ba wai LED ba shi da kyau ba ne. Tsohon samfuri mai siririn zare a cikin gilashi, jerin ƙwai 100 yana cin wajen wat 40, yana kuma zafi. LED na ƙwarai mai ƙwai 100 ba ya kai wat 10, ba ya zafi, ba ya fashewa. Amma awa 50,000 ɗin da ake rubutawa a kwali lissafin ƙwan ne shi kaɗai. Abin da ke kashe jeri shi ne waya da mahaɗa da ɗan akwatin nan mai canza walƙiya, kuma a nan 'yan damfara ke rage kaya.

Yaudara ta farko ita ce zuba tsohon samfuri a kwalin LED. A kunna shi minti biyar a taɓa: in ya yi zafi, ba LED ba ne. A duba cikin ƙwan kuma, za a ga zaren. Launinsa fenti ne a jikin gilashi, rana na korar shi.

Wadda ta fi muni ita ce ta ƙarfin wuta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220, amma kayan gwanjo na Amurka an yi su ne don 120. Mai sayarwa zai jona ya cire nan take, ka ga haske tar. A gida kuwa, bayan ɗan lokaci sai ƙauri. A karanta takardar da ke manne kusa da filogi. In an yanke ta, a bar kayan.

Sai waya. Ana saka alminiyon ko ƙarfe a shafa masa ruwan tagulla. A fere bakin wayar a kankare da reza: in fari ya fito, ba tagulla ba ce. In maganaɗisu ya kama ta, ƙarfe ne. Irin wannan tana ɗaukar zafi, tana karyewa wajen naɗewa, kuma a jerin da ake jonawa kai tsaye da soket, cikakkiyar wutar gida ce ke bin ta. Tsaga ɗaya a robar ya isa wuta ta ja yaro a rumfar biki. Shi ya sa muka fi son mai adafta, wanda ke sauke wutar zuwa bolt 24 ko kusa da haka.

Ƙwayayen a jere suke, wuta na bi ta ɗaya zuwa na gaba. Tsohon samfuri yana da ɗan ƙarfen da ke wuce da wuta idan ƙwai ya ƙone, sai dai sauran su ɗauki nauyinsa, su yi ta ƙonewa bi da bi. A LED mai arha, tsatsa ce ke cin ƙafar ƙwai ɗaya, sai rabin jerin ya mutu, gyara kuma da wuya tunda a manne suke. LED bai jure tsallen wuta, don haka a zare shi kafin a tada janareta ko a sauya layi.

Maganar ruwa: a duba lambar IP da ke kwali, mai nuna yadda kaya ke jure ƙura da ruwa; IP20 na cikin ɗaki ne, waje sai IP44 ko sama. Ko an rubuta IP44, in ana hango haɗin waya a gindin ƙwai ko akwatin na buɗewa da farce, ƙarya ce.

Kafin biya, a auna tsawo, a ƙirga ƙwayayen, don mita 10 na kwali kan zama ƙasa da haka. A bar shi a kunne minti goma a shagon, a karɓi rasit mai suna da adireshi. Wanda aka cuta ya ajiye kwalin da shaidar tura kuɗi, ya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya (FCCPC), jabun kaya kuma a sanar da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya (SON).