Akwatin World Cinema Project No. 1 na Criterion: ka duba na'urarka kafin ka saya

Kamfanin Criterion ne ya fitar da wannan akwati a 2013. Fina-finai shida ne a ciki, waɗanda gidauniyar da daraktan fina-finan Amurka Martin Scorsese ya kafa a 2007 ta ceto daga lalacewa: Redes na Meziko (1936), The Housemaid na Koriya ta Kudu (1960), Dry Summer na Turkiyya, Touki Bouki na Senegal (1973), A River Called Titas na Bangladesh (1973), sai Trances na Maroko (1981). Faifai tara ne, Blu-ray uku da DVD shida.

Inda aikin gyaran ya fi fitowa fili shi ne The Housemaid, fim ɗin darakta Kim Ki-young na Koriya. Naɗi biyu sun ɓace daga asalin fim ɗin, dole aka cike giɓin da wani tsohon kwafi mai ɗauke da fassarar Turanci da aka rubuta da hannu a jikin hoton. Sai da aka bi hoto ɗaya bayan ɗaya da kwamfuta ana goge rubutun. Mai kaifin ido zai ga hoton ya ɗan dusashe a wuraren, amma gara dusasshen hoto da a rasa fim ɗin ɗungurungum. Kada ka tsallake hirar Bong Joon-ho, daraktan fim ɗin Parasite, da ke cikin faifan. Wanda ya kalli Parasite zai gane daga inda aka gaji salon ɗora labarin masu gida da 'yan aiki a kan matakalar bene.

Shi kuwa Touki Bouki, fim ɗin Djibril Diop Mambéty, launinsa ya dawo shar, kuma sautinsa, wanda ke ɗauke da rabin labarin, ya fito tas. A River Called Titas na Ritwik Ghatak ya haura awa biyu da rabi, yana son nutsuwa da haƙuri.

Matsalar da ta fi kama masu saye ita ce kullen yanki. Faifan Blu-ray na yankin A ne, wato nahiyar Amurka da wasu ƙasashen gabashin Asiya. Na'urar da aka yi wa Turai, Afirka ko Gabas ta Tsakiya ta yankin B ce, za ta ƙi karɓarsu. Su ma DVD ɗin na yanki na 1 ne. Ka leƙa bayan na'urarka, akwai harafin yankin a jiki. In ba A ba ne, sai ka nemi na'ura mai karɓar kowane yanki, kuma ka tabbatar kullen Blu-ray aka buɗe, domin da yawa na DVD kaɗai ake buɗewa.

Yawancin fina-finan hotonsu ya kusa zama murabba'i, don haka za ka ga baƙi a gefe da gefe. Haka aka ɗauke su. Kada ka miƙar da hoton ya cika allo, fuskoki za su baje. Ka kuma kashe tsarin talabijin mai sulɓa motsi da mai goge dishi-dishin hoto, suna ɓata aikin da aka sha wahala a kansa.

Abin da ya rage wa akwatin armashi shi ne fassarar ƙasan allo ta Turanci ce kawai. Ga fim kamar Trances, wanda waƙoƙin ƙungiyar Nass El Ghiwane ne ƙashin bayansa, rashin rubutun Larabci ko Faransanci asara ce babba. Duk da haka ya cancanci kuɗinsa.