Daga Jidda: katakon da masu kuɗi ke rububi

Assalamu alaikum Maigida. Ina fata kuna lafiya, da iyali da yaran shago. Kun ce in ba ku labarin katakon ƙasar nan.

Saudiyya ba ta da dajin katako, kusan komai daga waje yake shigowa ta jirgin ruwa: katakon zan (wanda Turawa ke kira beech) daga Romaniya, meranti daga Maleshiya. Wanda attajirai ke nema don ƙofa da teburin ofis kuwa shi ne baƙin walnat na gabashin Amurka, wanda Larabawa ke kira jauz.

Gane shi ba wuya. Cikinsa ruwan ƙasa ne mai duhu kamar gasasshen kofi, wani da ratsin shunayya, gefen ɓawo kuma fari-fari. Ana sa masa zarto ƙamshinsa zai tashi. A nan ma akwai 'yan damfara, su shafa wa katakon zan kala su ce jauz ne. Sai a kankare bakin katakon da wuƙa: na gaske duhunsa har ciki, na jabu fari zai leƙo. Ba ya gardama a inji, yana karɓar gam, mai kaɗan ya ishe shi sheƙi. Sai dai rana na koɗar da shi, ga ƙurarsa na sa atishawa. Dusarsa kuma ba a shimfiɗa wa doki, tana lalata masa kofato.

Amma wallahi Maigida, bai fi madobiyarmu ba. Busasshensa wajen kilo 610 ne a kubik mita, madobiya ta fi shi nauyi da tauri. Inda suka tsere mana shi ne busarwa. Nasu daga ɗakin zafi na busar da katako yake fitowa, mai shago ya soka masa na'ura mai allura biyu, ka ga danshin da idonka. An kuma ware shi daraja-daraja, kowanne da kuɗinsa. Mu kuwa a 'Yan Katako Na'ibawa a Kano ɗanye muke ɗauka, hunturu na shigowa ƙofa ta karkace, mai aiki ya zo yana faɗa.

Tsadarsa kam ba a magana, shi ya sa yawancin abin da ake sayarwa yankansa ne siriri aka manna kan MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam.

Don Allah madobiyar da ta rage a shago a jera ta a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin katako da katako, kada a taɓa ta sai bayan hunturu. A gaida Hajiya.