Tsakuwar ƙoda: a bi ta hanyar fitsari ko a huda ta baya? Kwatancin aiki biyu masu injin zuƙa

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba Alhaji lafiya. Kin ce hoton CT ya nuna tsakuwa mai milimita 23 a ƙodarsa ta hagu. Likita ɗaya ya ce a bi ta hanyar fitsari a farfasa ta da leza, wato haske mai ƙarfi da ke fasa dutse, ɗayan ya ce a huda 'yar ƙaramar kafa ta baya a fito da ita, kuma kowannensu ya ce aikinsa da zuƙa ne. Kina son sanin wanne ya fi, kuma zuƙar nan tana da amfani ko dai hanyar ƙara kuɗi ce. A ɗakin tiyata nake aiki, don haka abin da zan faɗa miki abin da muke gani ne, tare da abin da bincike ya tabbatar.

Zuƙar tana da amfani, kuma dalilinta ruwa ne. Duk aikin da ake yi a cikin ƙoda da kyamara, sai an riƙa tura ruwan gishiri ciki, in ba haka ba likita ba zai ga komai ba. Cikin ƙoda kuwa ɗan wuri ne, bai fi 'yan cokula yake ɗauka ba. Idan ruwan da ke shiga ya fi wanda ke fita, matsi zai hau. Da zarar ya haura kusan 30 a irin ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, ruwan sai ya fara komawa cikin jijiyoyin jini, ya tafi da duk ƙwayoyin cutar da ke cikin fitsarin ko cikin tsakuwar. Nan ne asalin zazzaɓi mai kaɗa jiki da wasu ke yi a daren aiki, wanda kan kai mutum ɗakin kulawa ta musamman. Ga kuma zafin leza: ruwan da ke tsaye wuri ɗaya yana ɗumama, idan ya wuce digiri 43 yana iya illata naman ƙodar. Sannan idan leza ta fara cin dutse, ƙura takan turnuƙe allon kamar hazon hunturu, likita ya tsaya jiran ta lafa. Injin zuƙa yana janye ruwan yadda ake tura shi, sai matsi ya sauka, zafi ya ragu, ido ya buɗe, ɓaraguzai kuma su fito waje maimakon a bar wa majinyaci ya yi ta fitsartar da su.

To yanzu ga hanyoyin biyu.

Ta ƙasa ita ce za ki ga an rubuta RIRS a takarda. Babu yanka ko kaɗan. Ana zura kyamara siririya mai lanƙwasa ta mafitar fitsari, ta wuce mafitsara, ta hau magudanar da ke tsakanin mafitsara da ƙoda. Kafin nan ana sa wani dogon kube na roba a cikin magudanar, kaurinsa milimita 4 da 'yan kai, kyamarar ta riƙa shiga da fita ta cikinsa. Tsohon kuben a miƙe yake, yana tsayawa a bakin ƙoda ko ƙasa da haka. Sabon, wanda ake kira FANS, bakinsa na lanƙwashewa, yana bin kyamarar har lungun da tsakuwar take, kuma yana da reshe a gefe da ake jona wa injin zuƙa.

Ta baya ita ce PCNL. Likitoci biyu 'yan Suwidin, Fernström da Johansson, su suka fara bayyana ta a 1976. Ana soka allura ta kwiɓi har cikin ƙoda da taimakon hoto, a faɗaɗa hanyar, a sa kube gajere. A tsohon salo kafar takan kai milimita 8 zuwa 10. Ƙaramar da aka yi wa Alhaji tayi, milimita 5 zuwa 7 ce. Zuƙa ba baƙuwa ba ce a nan, domin injinan farfasa dutse na babbar kafa, irin su ShockPulse da Trilogy, suna fasawa suna tsotsewa a lokaci guda. Abin da ya zo daga baya shi ne haɗa zuƙa da ƙaramar kafa, kuma likitocin birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ƙarƙashin Farfesa Guohua Zeng, suna cikin waɗanda suka fi ciyar da wannan gaba. Kuben ClearPetra da ake yawan ambata ma a can ake ƙera shi.

Da za ki tsaya kusa da tebur ki kalla, aikin zuƙar iri ɗaya ne a hanyoyin biyu. Reshen kuben yana da 'yar tsaga da ake toshewa da babban yatsa ko a zame murfinta, a ƙara ƙarfin tsotsa ko a rage. Garin dutse yana bi ta gefen kyamarar ya wuce da kansa. Idan gutsure mai ɗan girma ya shigo bakin kuben, sai likita ya ja kyamarar baya a hankali, gutsuren na biye da ita, har ta wuce mararrabar reshen, sai ka ji ƙaras, ya faɗa cikin 'yar kwalbar da ke tsakanin kuben da injin. A ƙarshen aiki kwalbar nan takan tara yashi ruwan ƙasa da 'yan tsakwankwani, a wanke a nuna wa 'yan'uwa.

Wajen fitar da dutse tas, a da babu gardama: ta baya ce gaba. Kafarta gajera ce, miƙaƙƙiya, mai faɗi, gutsure manya na wucewa. Shi ya sa ƙa'idar ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai ta sa PCNL a sahun farko ga duk tsakuwar da ta haura milimita 20. Raunin ta ƙasa shi ne ana niƙe dutsen a bar garin, a ce zai fita da fitsari. Wani ya fita, wani ya kwanta a lungun ƙasan ƙoda ya zama tushen sabuwar tsakuwa. A nan ne zuƙa ta fi kawo canji. Wani bincike da aka buga a 2024, wanda aka yi wa mutum 320 a asibitocin Sin da Filifin da Malesiya da Turkiyya, ya kwatanta kube mai lanƙwasa da zuƙa da tsohon kube. Waɗanda aka samu ƙodarsu fes nan take bayan aiki sun kai kashi 81 cikin 100 a sabon, kashi 49 a tsohon. Bayan wata uku, kashi 87.5 da kashi 70. Zazzaɓi bayan aiki kuwa kashi 5.6 ne a sabon, 17.5 a tsohon. Wannan tazara ba ƙarama ba ce. Daga baya, a 2025, aka buga wani da ya gwada ta ƙasa mai zuƙa da ƙaramar kafar baya kai tsaye, a tsakuwa mai santimita 2 zuwa 3, wato ajin ta Alhaji. Ta ƙasa ba ta gaza ba wajen share dutse, sai dai ta fi cin lokaci a kan tebur. Saboda haka likitocinku biyu babu wanda ya yi muku shaci-faɗi. Ki dai sani cewa waɗannan alkaluma daga manyan cibiyoyi suka fito, inda likita ke yin aikin kullum.

Wajen jini, ta ƙasa ta yi wa ta baya nisa. Ƙoda nama ce mai jini sosai, kuma PCNL huda ta ake yi. A tsohon salo mai babbar kafa, kusan mutum 7 cikin 100 sai an ƙara musu jini. Ƙaramar kafa ta rage wannan, amma zuƙa ba ta da hannu a ciki, domin jinin daga hudar yake fitowa. Akwai kuma ɗan haɗarin taɓa rigar huhu idan an soka ta saman haƙarƙari, ko hanji, duk da ba kasafai ba. Idan Alhaji yana shan maganin tsinka jini, irin warfarin ko clopidogrel, kuma likitan zuciya ya ce ba za a dakatar ba, to magana ta ƙare, ta ƙasa za a bi. Haka idan ƙoda ɗaya gare shi mai aiki, ni zan fi karkata ga hanyar da ba ta huda ta.

Amma ta ƙasa ma tana da nata, kuma shi ne ba a cika faɗa wa mutane ba. Magudanar fitsari siririya ce, ba kowace ke karɓar kube ba. Wasu likitoci biyu, Traxer da Thomas, a binciken da suka buga a 2013, sun duba mutum 359 bayan an sa musu kube, suka tarar kusan rabi sun samu ƙujewa a bangon magudanar, kashi 13 cikin 100 kuma raunin ya yi zurfi. Yawanci yana warkewa, amma wani yakan bar tabo ya tsuke hanyar. Sun kuma ga cewa wanda aka riga aka sa wa a magudanar robar nan mai lanƙwasa a kai biyu, wadda ake kira DJ, haɗarinsa ya ragu ƙwarai. Don haka kada ki yi mamaki idan an shiga da Alhaji aka fito aka ce hanya ta ƙi, an sa roba, a dawo bayan sati ɗaya ko biyu. Likitan da ya yi haka ya kyauta, ya fi wanda zai tura da ƙarfi. Sai dai ku sa wannan a lissafi, musamman idan tafiya za ku yi zuwa wani gari ko Masar ko Indiya, inda kowane ƙarin sati kuɗin masauki ne.

Kwanciya a asibiti: ta ƙasa kwana ɗaya, wani ma a sallame shi ran nan. Ta baya kwana biyu zuwa uku, wani lokaci da bututu a kwiɓi na ɗan lokaci, kuma ciwon ya fi. Amma mai ta ƙasa kusan kullum da robar DJ yake tafiya gida, ita kuma tana sa yawan fitsari, da zafi a ƙarshensa, da ɗan jini, da sukan kwiɓi idan ana fitsari.

Abubuwa biyu a takardar hoton za su taimaka muku. Na farko wurin da tsakuwar take. Idan a tsakiyar ƙoda ce, inda fitsari ke taruwa, kube mai lanƙwasa zai kai gare ta ba wahala. Idan a lungun ƙasa ce mai ƙunci da kwana mai tsini, kyamara na iya lanƙwasawa ta kai amma kuben ya kasa binta, zuƙar ta zama ta banza. A nan ta baya ta fi, domin allura kai tsaye take faɗawa lungun. Na biyu taurinta, za ki ga lamba da HU a gefe. Idan ta haura 1000 dutsen mai tauri ne, leza za ta daɗe a kansa, likitoci kuwa ba sa son aikin ta ƙasa ya wuce kamar awa ɗaya da rabi, don haɗarin zazzaɓi na ƙaruwa da tsawon lokaci. Tsakuwa mai milimita 23 mai tauri tana iya buƙatar zama biyu ta ƙasa, alhali zama ɗaya ya ishe ta ta baya. Da a ce irin mai rassa ce da ta cika ƙodar, da ban ma tsaya kwatanci ba, PCNL ce.

Zuƙar kanta sai da gwaninta. Idan ta yi yawa, cikin ƙodar yakan tsotse ya manne, bakin kuben ya kama nama, jini ya ɓata gani. Idan kyamarar ta cika kuben, babu sararin da ruwa da gari za su bi, injin na ta ƙugi amma matsi na hawa a ciki, shi ya sa ake haɗa kuben da kyamara siririya sosai. Gutsure kuma na iya toshe hanya ba a ankara ba. Wannan ya sa nake ganin tambayar da ta fi "kuna da injin zuƙa?" ita ce "sau nawa kuke yin irin wannan a wata?" Ki yi wa kowannensu ita cikin ladabi, likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Ra'ayina a kan ta Alhaji: idan tsakuwar tana tsakiyar ƙoda, taurinta matsakaici, kuma likitan farko ya saba da kube mai lanƙwasa, zan zaɓi ta ƙasa, saboda jini da saurin komawa gida. Idan a lungun ƙasa take, ko taurinta ya haura 1000, ko kuma ba za ku iya zama biyu ba, zan zaɓi ta baya a wajen wanda hannunsa ya faɗa. Kube da kyamarar ta ƙasa da yawansu sau ɗaya ake amfani da su a yar, shi ke ɗaga kuɗin, don haka ku nemi a rubuta muku lissafi dalla-dalla: da robar DJ, da cire ta, da zama na biyu idan ya kama, da hoton da za a sake bayan aiki.

Ko wacce kuka ɗauka, kada a shiga da shi sai an yi gwajin fitsari na shuka, wanda ake jira kwana biyu zuwa uku a ga ko ƙwayoyin cuta za su tsiro. Idan sun tsiro a sha maganin da ya dace da su tukuna. Zuƙa tana rage zazzaɓi, ba ta wanke fitsari mai cuta. Idan kuma kafin ranar aiki ya fara zazzaɓi da rawar sanyi tare da ciwon kwiɓi, ku tafi asibiti a daren, domin ƙoda mai toshe da cuta buɗe mata hanya ake fara yi, dutse sai daga baya.

Ku roƙi a ba ku abin da ya taru a kwalbar a kai gwaji a san irin dutsen, domin maganin hana dawowarsa ya danganta da irinsa. A zafin ƙasarmu, mai tsakuwa yana bukatar shan ruwan da zai sa ya fitar da fitsari kamar lita biyu da rabi a yini, ya kuma rage gishiri da dunƙulen miya. Ranar cire robar DJ kuwa ki rubuta ta da kanki a inda za ki gani. Robar da aka manta watanni dutse ke yi a jikinta, cire ta kuma ya fi aikin farko wuya.