Ajin nazarin mu'ujizai a wata cocin Katolika a Damagaram

Ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da ake yi da yamma ya cancanci yabo, musamman kan yadda malamin ya warware tambayar da ke damun masu bi da yawa: shin mu'ujizai sun auku a zahiri, ko kuwa misali ne? Ya buɗe Katekizim na 1992, wato littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, ya nuna cewa Ikilisiya ta yarda nassi yana da ma'anar zahiri da ma'anar ruhaniya, kuma ta biyun a kan ta farkon take tsayawa. Da ya zo kan gurasa biyar da kifi biyu, labarin yadda Yesu ya ciyar da taron jama'a da su, wanda ke cikin Linjila huɗu, ya ce mutane sun ci sun ƙoshi da gaske, alhali abin yana nuni ga Jibin Ubangiji, wato ibadar gurasa da ruwan inabi da Yesu ya kafa. Tashin Almasihu daga matattu kuwa, ya ce Ikilisiya tana riƙe da shi a matsayin abin da ya faru a tarihi. Kwanaki shida na halitta ne ya ce an ba da labarinsu da harshen alama.

Abin da ya rage shi ne littattafan Hausa, domin mutum uku ke leƙa kwafi guda, kuma lokacin tambayoyi ya yi kaɗan.